Ƙungiyar sa-kai mai sayar da kofin cinikin adalci a Tawa: za ta iya tsayawa da ƙafarta?

Wata malamar makaranta daga Tawa ta aiko da tambaya. Ta ce su kimanin goma sha biyar ne, akwai malamai da ma'aikatan lafiya da wasu ƴan kasuwa da suka yi zaman Abijan suka saba da shan kofi na gari, kuma suna so su kafa ƙungiya wadda babu mai karɓar albashi a cikinta, su riƙa sayo kofin da aka biya manominsa farashi na adalci suna sayarwa a unguwa. Tana son ta san ko abin zai yiwu a gari irin nasu, ko dole ne su nemi tambarin Fairtrade, wato alamar da ake manna wa kaya don shaida cewa na cinikin adalci ne, da kuma yadda za su yanke farashi.

Malama, abin zai yiwu, amma da sharaɗin ku fara shi ƙarami, kuma ku amince tun farko cewa ba za ku kira kofinku na adalci ba sai kuna iya nuna wa mai saye, da takarda, nawa aka biya a inda aka noma shi. Duk sauran shawarar da zan ba ki daga wannan sharaɗi take fitowa.

Irin ƙungiyar da kuke tunani ba sabuwa ba ce a duniya, domin da hannun masu aikin sa-kai aka reni cinikin adalci tun daga farkonsa. A ƙasar Holan an buɗe shagon farko na irin wannan kaya a 1969, a Faransa kuma ƙungiyar Artisans du Monde ta buɗe nata a birnin Paris a 1974, kuma mafi yawan masu tsayawa a bayan kanta a waɗannan shaguna mutane ne da ke da wani aikin dabam, suna ba da yammacinsu ko ranar hutunsu kyauta. Tambari ya zo ne daga baya. A 1988 wani limamin Kirista ɗan Holan mai suna Frans van der Hoff, wanda ke zaune tare da manoman kofi na ƙungiyar UCIRI a jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko, da Nico Roozen na ƙungiyar Solidaridad, suka ƙirƙiro tambarin Max Havelaar don kofin ƙananan manoma ya samu shiga manyan kantuna. Shekara ɗaya bayan haka, a 1989, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke ƙayyade yawan kofin da kowace ƙasa za ta fitar ta rushe, farashi ya faɗi, kuma a 2001 laba ɗaya ta kofi, wato giram 454, ta sauka ƙasa da santi 50 na dalar Amurka, farashin da bai mayar wa manomi ko kuɗin da ya kashe ba. Wannan bala'i ne ya sa tsarin ya samu karɓuwa. A 1997 aka haɗa tambarorin ƙasashe dabam-dabam a ƙarƙashin hukuma guda mai hedkwata a birnin Bonn na Jamus, wadda a yau ake kira Fairtrade International.

Alkawarin da tsarin ya ɗauka wa manomi bai da yawa, kuma yana da kyau ku san iyakarsa. Akwai farashi mafi ƙasa da ba a yarda mai saye ya sauka ƙasa da shi ba ko da kasuwa ta faɗi, wanda a watan Agusta na 2023 aka mayar da shi dalar Amurka 1.80 a kan laba ɗaya ta wankakken kofi nau'in arabika, da dala 1.20 a kan nau'in robusta da aka shanya da ɓawonsa. A kan wannan ana ƙara santi 20 a kowace laba, kuɗin da ba ya shiga aljihun mutum ɗaya, sai babban taron koperatif ya zauna ya yanke abin da za a yi da shi, ko rijiya, ko aji, ko injin ɓare kofi. Idan kofin an noma shi ba tare da takin zamani da maganin feshi ba, ana ƙara santi 40. Sannan koperatif na da ikon neman a ba ta wani ɓangare na kuɗin tun kafin kaya su tashi, har zuwa kashi 60 cikin ɗari na kwangilar. Idan farashin kasuwa ya haura mafi ƙasa, to na kasuwa ake biya a ɗora ƙarin a kai, kuma haka abin yake a ƴan shekarun nan, tun da a watan Fabrairu na 2025 arabika ya wuce dala 4 a kan laba a kasuwar New York.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Waɗannan alƙaluma farashi ne na kofi a bakin jirgin ruwa, kuma koperatif ake biya, ba manomi kai tsaye ba. Daga ciki take cire kuɗin ɓarewa da tacewa da buhu da mota da albashin ma'aikatanta da kuɗin masu binciken da ke sabunta mata takardar shaida, abin da ya rage shi ne ke isa gona. Bugu da ƙari, koperatif mai takardar shaida ba kasafai take samun mai sayen dukan amfaninta a kan wannan sharaɗi ba, sai ta sayar da ragowar a kasuwa kamar kowa. Wani bincike da jami'ar SOAS ta birnin Landan ta fitar a 2014, bayan aiki a Habasha da Uganda, ya gano cewa ƴan ƙwadagon da ake ɗauka aikin gona a yankunan da ke da takardar shaida ba su fi na sauran yankuna samun lada ba, a wurare da dama ma sun fi su samun ƙasa. Ban kawo wannan don in rage wa tsarin daraja ba, domin a shekarun da kasuwa ta faɗi ya tsare iyalai masu yawa daga sayar da gonakinsu. Na kawo shi ne don kada ku tsaya gaban maƙwabtanku ku ce duk wanda ya sha kofinku ya fitar da manomi daga talauci.

Game da tambarin kansa, amsata ita ce ba ku buƙatarsa yanzu, kuma ba ku da ikon manna shi. Alama ce mai rajista. Wanda ya sayi fakitin da aka rufe da tambarin a jikinsa ya sake sayar da shi yadda yake, babu abin da ake nema a wurinsa. Amma wanda ya sayi ɗanyen kofi ya soya ya niƙa ya zuba a ledarsa, ba zai buga tambarin a kai ba sai ya samu lasisi kuma hukumar bincike ta FLOCERT ta duba littattafansa, abin da ke cin kuɗi kowace shekara fiye da ribar da ƙungiya irin taku za ta gani. Kofi mai tambari da aka soya a Turai aka dawo da shi Afirka kuwa, kafin ya iso Yamai ya biya jirgi da duwan, sannan ya yi kilomita fiye da 500 ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni zuwa Tawa, farashinsa ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta, kuma akwai abin dariya a ce kofin Habasha sai ya je Jamus kafin ya zo Adar.

Hanyar da ta fi dacewa da ku ita ce ta maƙwabta. Ƙasarmu ba ta noman kofi, domin itace ne mai son ruwan sama mai yawa da inuwa, wanda kuma sai ya yi shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara haihuwa. Amma ana noman robusta a yammacin Kodibuwa, wajen garin Man, da kuma tsaunukan Kpalime a ƙasar Togo, kuma duka ƙasashen biyu sefa ɗaya muke kashewa da su, wanda ya raba ku da wahalar canjin kuɗi. Robusta ya fi arabika ɗaci, sinadarin da ke hana barci a cikinsa ya kusan ninka na arabika, kuma ya fi kusa da ɗanɗanon da bakin mutanenmu ya saba da shi a Nescafé ɗin teburin mai shayi, musamman idan an sa madara da sukari. Kuna kuma da wata dama da ƙungiyoyin Turai ba su da ita: Adarawa sun daɗe suna ci-rani a Abijan da garuruwan cikin Kodibuwa, da wuya a rasa ɗan'uwan wani daga cikinku da zai iya zuwa ofishin koperatif da ƙafarsa, ya ga sikeli, ya ga littafin da ake rubuta sunayen manoma, ya zauna da biyu ko uku daga cikinsu ya ji nawa aka ba su a kilo da kuma ranar da aka biya su.

A Kodibuwa hukumar Conseil du Café-Cacao ce ke yanke farashin da za a biya manomi a bakin gona a kowace kaka. A kakar 2023 zuwa 2024 sefa 900 ne a kilo, a kakar da ta biyo baya aka ɗaga shi zuwa 1,500. Wannan ya ba ku ma'auni da kowa zai iya dubawa, ku ce mun biya farashin hukuma, mun ƙara kaza a kai, ga rasit. Sai dai fitar da ɗanyen kofi daga ƙasar yana hannun waɗanda hukumar ta ba izini, saboda haka kada ku ɗora wa ɗan'uwanku buhu a motar fasinja ku jefa shi cikin rigima da ma'aikatan kan iyaka. Ku bi ta koperatif ko ƙaramin kamfanin suya da ke da takardunsa, ku nemi faktir da takardar asalin kaya. Ku kuma tuna cewa tun bayan rufe iyakar Benin a 2023 kaya masu yawa ta Lome da Burkina Faso suke biyowa, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada, don haka duk ranar isowa da direba ya ba ku, ku ƙara mata makonni a lissafinku.

Yanzu ga lissafin farashi, wanda shi ne inda na fi ganin ƙungiyoyi suna tuntuɓe a aikina da koperatif. Buhun ɗanyen kofi kilo 60 ne. Idan aka soya shi ruwan jikinsa yana fita, nauyi ya ragu da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, saboda haka abin da za ku sayar yana tsakanin kilo 48 da 51, mu ce kilo 49, wato fakiti 196 na giram 250. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, buhun ya iso Tawa a kan jika 200 bayan an haɗa kuɗin kaya da ƙarin da kuka ba koperatif da mota da duwan da ɗan dako. Wanda ya raba jika 200 da 60 zai ce kilo ya tsaya masa 3,300 da ƴan kai, alhali gaskiyar ita ce ya haura 4,000, fakiti ɗaya kuma ya haura 1,000 tun ba a sa kuɗin leda da gas da niƙa ba. A kan wannan dole ku ɗora wani kaso, ko da goma cikin ɗari ne, na asusun ko-ta-kwana, domin wata rana za a ƙona kasko ɗaya, wata rana kuma farashi zai tashi tsakanin oda da oda. Idan fakitin ya tsaya 1,400, kuma cikin kofin sha ɗaya yana cin giram 10, to kowane cikin kofi ya kama sefa 56. Wannan adadi na ƙarshe shi ne za ku riƙa faɗa wa mutane, domin wanda ya saba sayen ƴar leda ɗaya kullum jin 1,400 a lokaci guda yana tsorata shi.

Wannan lissafi kuma yana nuna muku girman da ya kamata ku fara da shi. Gidan da ake shan kofi biyu a rana yana cin giram 600 a wata, gida talatin kilo 18 ke nan, buhu ɗaya zai kai su kusan wata uku. Idan ba ku iya rubuta sunayen gidaje talatin da suka yarda su biya kafin kaya su zo ba, to lokacin sayen buhu bai yi ba, ku fara da katan ɗaya ko biyu na soyayye daga wurin masu suya a can. Tawa garin shayi ne, kuma ba na ganin hikima a ce za a raba mutum da butarsa da gawayinsa. Masu sayenku na farko su ne waɗanda suka riga suka saba: ma'aikatan da ke kwana a bakin aiki, ɗalibai da malaman jami'ar garin, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da waɗanda suka dawo daga ci-rani.

Biya kafin kaya su zo shi ne ginshiƙin ƙungiya marar jari. Kowa ya kawo kuɗin fakitinsa, a tara, a aika, kaya su zo a raba, babu bashin banki kuma babu kayan da ke kwance. Idan ku ma kuna so ku ba koperatif wani abu tun kafin girbi, wanda shi ne taimakon da manomi ya fi jin daɗinsa domin yana raba shi da mai ba da bashi da ruwa, to malamanmu sun san wannan da sunan cinikin salam, kuma sharaɗinsa sananne ne, a ambaci awo da nauyi da lokacin da za a kawo kaya. Ku rubuta irin kofin, da nauyinsa, da ranar, kowane ɓangare ya sa hannu. Bashi ga masu saye kuwa ku rufe ƙofarsa da doka tun a taron farko, saboda a ƙaramin gari mai riƙe da kaya ba zai iya ce wa surukinsa ko shugabansa na wurin aiki a'a ba, sai dai idan yana da dokar ƙungiya da zai jingina da ita.

Zafin garinku ma yana cikin lissafi. Ɗanyen kofi da aka busar yadda ya kamata yana iya yin kusan shekara idan an ɗora buhun a kan katako, nesa da bango da danshin damina, kuma nesa da duk abin da ke da wari, domin yana shan warin abin da ke kusa da shi, kuma a Tawa ba sai na ce kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da albasa ba. Soyayye kuwa cikin makonni ƙamshinsa ke tafiya, niƙaƙƙe cikin kwanaki idan iska na shigarsa, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Don haka ku riƙa soya na mako biyu kawai. Ana iya yi a kasko mai kauri ko ƙaramar ganga mai juyawa a kan gas, ana motsawa ba tsayawa, kuma bayan kamar minti goma za a ji ƙwayoyin sun fara fashewa da ƙara, launinsu ya koma ruwan ƙasa. Idan aka bar su har suka yi baƙi suna ƙyallin mai, to sun wuce, ɗaci ne kawai zai rage. A juye su nan take a faranti mai faɗi a yi musu fifita. Kada a kai su injin unguwa da ke niƙa hatsi da barkono, ku sayi ƙaramin injin niƙa na ƙungiya, ku rubuta ranar suya a jikin kowane fakiti.

Sai batun aikin sa-kai, wanda na bari zuwa yanzu domin shi ne ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi, ba rashin masu saye ba. A watannin farko kowa yana zuwa. Daga baya aure da suna da jana'iza da jarrabawa su ɗauke mutane ɗaya bayan ɗaya, a wayi gari mutum biyu ne ke suya da awo da rabo da bin kuɗi, kuma galibi mata ne, har ranar da ɗaya ta gaji ko aka yi mata canjin wurin aiki, ƙungiyar ta tsaya cak ba tare da an yi faɗa ba. Maganin shi ne a yanka aikin ƙanana a kuma yi masa wa'adi. Wanda ya san cewa Asabar ɗaya ce a wata take kansa, kuma bayan shekara zai sauka daga muƙaminsa ba tare da an ce ya gudu ba, zai daure. Kowane aiki ya kasance mutum biyu ne suka iya shi, lambar wayar koperatif da ta direba kuma su kasance a littafin ƙungiya, ba a wayar shugaba kaɗai ba. Ina kuma ba da shawara ku riƙa rubuta sa'o'in da kowa ya bayar, ko da ba za a biya ba, domin ku san ainihin tsadar kofinku. Ranar da aikin ya kai a ɗauki yaro ko yarinya don suya da rabo, to a biya su lada cikakke. Ƙungiyar da ke neman adalci ga manomin Togo ba ta da hujjar cin gumin ɗan unguwarta kyauta.

A sha'anin kuɗi ba sai kun je nesa neman darasi ba. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991 kuma ƙasashe da dama suka kwaikwaya, ya riga ya nuna yadda ake yi: mai riƙe akwati dabam, masu riƙe makullai dabam, kuma a ƙirga kuɗi a gaban kowa. Ku yi haka, ku ƙara da manna takarda ɗaya a wurin rabo bayan kowace oda, mai nuna nawa aka biya koperatif, nawa mota ta ci, nawa duwan, nawa ya shiga asusu. Wannan takarda ita ce za ta tsaya muku a madadin tambari, kuma a garin da manoman albasa na Galmi da kewaye suka san ciwon sayar da buhu da arha lokacin kaka su ga dillali ya ninka kuɗinsa bayan ƴan watanni, ba za ku sha wahalar bayyana dalilin ƙarin ba.

Ta fuskar doka, muddin kuna tara kuɗi kuna saye don kanku kawai, yarjejeniya rubutacciya tsakaninku ta wadatar a watannin gwaji. Da zarar kun fara sayar wa jama'a, sai ku yi rajista. Dokar ƙungiyoyi ta 1984 an yi ta ne don ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, yayin da dokar koperatif ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci na bai ɗaya, wadda aka amince da ita a Lome a watan Disamba na 2010 kuma take aiki a Nijar, ta tanadi koperatif mai sauƙin tsari da ake kira SCOOPS, wadda mutum biyar sun isa su kafa ta. A ganina ita ta fi dacewa da masu saye da sayarwa, domin ta ba ku damar buɗe asusu da sa hannu a kwangila da sunan ƙungiya, maimakon kuɗin mutane su riƙa kwana a asusun ma'aji na kansa. Za ku kuma buƙaci lambar haraji ta NIF kafin ku shigo da kaya da sunanku. Ku yi oda biyu ko uku na gwaji tukuna, ku duba ko gidajen da suka biya a karon farko sun dawo a karo na uku, kuma ko waɗanda suka yi suya a farko har yanzu ba su kaɗai ke yi ba, sannan ku kai takardunku rajista.